Katakon roba: Yadda ake gina dandamali da matakala masu lanƙwasa a farfajiyar gida

Dandamalin waje, wanda Amurkawa ke kira dek, wurin zama ne marar rufi da ake ɗagawa a kan ginshiƙai, a shimfiɗe samansa da falankai, yawanci a bayan gida ko a gefen lambu. A Amurka da Kanada da Ostareliya ya zama wani ɓangare na gidajen masu matsakaicin hali, inda iyali ke shan iska da yamma, su karɓi baƙi, su gasa nama a ranakun hutu.

Shekaru da dama da katako zalla ake yin sa, kuma kusan kullum mai kusurwa huɗu ne, domin falankin itace ba ya yarda a tanƙwara shi ta faɗinsa. Shigowar katakon roba kasuwa a shekarun 1990 ta sauya wannan. Falankinsa yana laushi idan ya ji zafi, yana kuma riƙe siffar da aka ba shi bayan ya huce. Daga nan ne dandamali mai gefe kamar baka, da matakala mai zagaye kamar jinjirin wata, suka yawaita a gidaje da otal-otal da bakin wuraren ninƙaya.

Aikin yana da kyan gani, amma yana da ƙa'idoji, kuma saɓa wa wasunsu ya taɓa cin rayuka.

Mene ne katakon roba?

Haɗi ne na garin katako da roba. Kusan rabin nauyinsa garin itace ne da aka busar aka tankaɗe, sauran kuma roba ce, galibi irin wadda ake yin leda da jarkoki da ita. Ana ƙara masa launi da sinadaran da ke rage illar hasken rana. Sai a narkar da haɗin a inji, a turo shi ta wani ƙarfe mai siffar falanki, ya fito dogo, a sanyaya shi a yanka. Ba a barin zafin injin ya wuce kimanin digiri 200 na ma'aunin Selsiyos, don kada garin katakon ya ƙone. Wasu masana'antu suna sa ƙaiƙayin shinkafa ko garin gora a madadin itace. A takardun 'yan kasuwa ana rubuta sunansa da haruffa uku, WPC.

Akwai ɗan'uwansa da ake yi da robar PVC zalla, babu itace a ciki. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi saurin lanƙwasuwa, amma ya fi tsada.

Falankin da aka saba sayarwa a Amurka yana da faɗin santimita 14 da kaurin santimita biyu da rabi, tsawonsa kuwa mita 3.66 ko 4.88 ko 6.1. Wanda ake fitowa da shi daga Sin sau da yawa mita 2.2 ne ko 2.9 ko 5.8, saboda cikin ƙaramar kwantena bai wuce kimanin mita 5.9 ba. Wani falankin cikakke ne, wani kuma yana da ramuka a cikinsa don a rage nauyi da farashi. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai son lanƙwasawa, kamar yadda za a gani a gaba.

Asalinsa

An fara haɗa garin itace da roba a birnin Milan na Italiya tun a shekarun 1960, daga baya masu ƙera motoci suka riƙa amfani da shi a cikin ƙofofin mota. Shigarsa harkar gini kuwa a Amurka ta faru. A ƙarshen shekarun 1980 wani masanin haɗa sinadarai, Roger Wittenberg, ya gwada cakuɗa garin katako da tsofaffin ledoji. Kamfanin mai na Mobil ya sayi fasahar a 1992. A 1996 wasu manyan ma'aikatan Mobil ɗin suka sayi sashen, suka kafa kamfanin Trex a garin Winchester na jihar Bajiniya, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a 1999. Kamfanin yana cewa kashi 95 cikin 100 na falankinsa daga kayan da aka riga aka yi amfani da su ne. TimberTech da Fiberon na daga cikin manyan abokan gogayyarsa.

Falankan farko sun sha ƙorafi. Suna shan maiƙo, launinsu yana kodewa, funfuna kuma tana kama su a wuri mai laima, domin garin itacen yana bayyane a fuskarsu. Wajen 2010 masana'antu suka fara lulluɓe falankin da siririyar fatar roba mai tauri. Yawancin abin da ake sayarwa a yau mai wannan lulluɓi ne, kuma kamfanoni suna ba da garantin shekara 25 ko fiye a kansa.

Abin da ke ɗauke da nauyi

Abu na farko da ya kamata mai gini ya sani shi ne, katakon roba shimfiɗa ce kawai. Ba a yin ginshiƙi ko bim da shi. Ya fi itace nauyi, amma bai kai shi ƙarfin jure lanƙwasa ba, kuma idan aka bar shi da tazara mai yawa a ƙarƙashi yakan lotsa a hankali har ya zauna a haka. Nauyin jama'a yana kan firam ɗin da ke ƙasa, wanda ake yi da katakon da aka tsima da magani, ko ƙarfe, ko alminiyam.

Firam ɗin yana da sassa huɗu. Akwai tushen kankare a cikin ƙasa, da ginshiƙan da ke zaune a kansa, da bim da ke kwance a kan ginshiƙan, sai kuma jerin sandunan da ke bin juna kamar haƙarƙari, waɗanda a kansu ake shimfiɗa falankai. Idan dandamalin a manne yake da gida, ana kafa wani katako mai kauri a jikin bango, a rataya kawunan haƙarƙarin a kansa.

Kundin ƙa'idojin gina gidajen zama da yawancin jihohin Amurka ke bi, wato IRC, ya tanadi cewa dandamali ya iya ɗaukar kimanin kilo 195 a kowace murabba'in mita, ban da nauyin kansa. Tazarar haƙarƙari ba ta wuce santimita 40 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Idan za a jera falankan a karkace, sai a rage ta zuwa santimita 30.

Katakon da ke jikin bango shi ne inda haɗari ya fi aukuwa. Ba a kafa shi da ƙusa. Ana ɗaure shi da manyan sukurori ko ƙusoshi masu noti da kaurinsu ya kai milimita 12 zuwa 13, su ratsa har cikin abin da ke ɗauke da ginin, sannan a rufa masa siririn kwano daga sama don ruwa kada ya shiga tsakaninsa da bango.

Tarihi ya nuna dalilin wannan tsanani. A ranar 29 ga Yunin 2003 wata barandar katako ta rufta da mutane ana tsakiyar walima a unguwar Lincoln Park ta birnin Chicago, mutum 13 suka mutu, 57 suka ji rauni. Bincike ya gano an gina ta ba da izini ba, ta wuce girman da doka ta yarda, kuma sukurorin da suka riƙe ta sun yi gajarta. A ranar 16 ga Yunin 2015 wata barandar ta karye a birnin Berkeley na jihar Kalifoniya, matasa shida suka mutu, yawancinsu ɗalibai daga ƙasar Ailan. Ginin bai kai shekara goma ba, amma ruwa ya shiga katakon da ke ɗauke da barandar ya ruɓar da shi. Falanki mai sheƙi a sama yana iya ɓoye irin wannan ruɓa tsawon shekaru.

Akwai kuma batun tsatsa. Tun ƙarshen 2003 Amurka ta daina amfani da maganin katako mai sinadarin asanik a gidajen zama, aka koma wa magunguna masu yawan tagulla. Waɗannan suna cin ƙarfe na yau da kullum da sauri. Saboda haka duk ƙusa ko sukuru ko ƙarfen rataya da zai taɓa irin wannan katako dole ya zama wanda aka tsoma a narkakken zinki, ko kuma ƙarfen da ba ya tsatsa.

Lissafin baka

Gefe mai lanƙwasa yanki ne na da'ira, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a kwatanta shi da baka da tsirkiya. Tsirkiya ita ce miƙaƙƙen layin da ya haɗa bakin bakan biyu. Zurfin baka shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar tsirkiya da tsakiyar bakan. Da waɗannan awo biyu ake gano nisan da ke tsakanin cibiyar da'irar da gefenta.

Ana ninka tsawon tsirkiya da kansa, a raba da zurfin baka sau takwas, sannan a ƙara rabin zurfin.

Misali, a ɗauki dandamali mai faɗin mita 6, wanda ya fito mita 4 daga bango zuwa bim, ana kuma son tsakiyar gabansa ta ƙara turowa mita 1. Shida sau shida 36 ne. A raba 36 da 8, a samu 4.5. A ƙara rabin mita, ya zama mita 5. Ke nan cibiyar da'irar tana mita 5 daga tsakiyar bakan, wato daidai tsakiyar bangon gidan. A nan za a kafa ƙusa.

Daga wannan ƙusa ake miƙa doguwar sanda mai tauri, a ɗaura fensir a ƙarshenta daidai mita 5, a zagaya da ita a kan haƙarƙarin, a bar alama a kan kowanne. Magina ba sa amfani da igiya a nan saboda tana miƙewa idan an ja ta, bakan ya fito da ƙusumbi. Idan cibiyar ta faɗa cikin ɗaki inda sanda ba za ta kai ba, sai a zana bakan a fili, a yanka samfurinsa a kan siririn faifan katako, a ɗauko a ɗora.

Lissafin yana kuma hana asarar kaya. A wannan misali tsirkiya mita 6 ce, amma tsawon bakan kansa ya kai mita 6.44. Wanda ya sayi falanki ɗaya mai mita 6.1 don gefen, da zaton zai isa, zai tarar bai kai ba. Faɗin dandamalin gaba ɗaya kimanin murabba'in mita 28 ne, wanda a bisa ƙa'idar da aka ambata yake nufin firam ɗin ya iya ɗaukar fiye da tan biyar.

Yanke haƙarƙari da ɗaure gefe

Ana barin haƙarƙarin su wuce bim da rara, a zana bakan a kansu, sannan a yanke kowanne. Na tsakiya ana yanke shi a miƙe, amma yayin da ake matsawa gefe yankan yana ƙara karkacewa don ya bi bakan.

Ƙa'ida ta hana sanda ta wuce bim da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na tsawonta da ke tsakanin bango da bim. A misalin da ya gabata, mita 1 a kan mita 4 ta cika iyaka daidai. Idan zurfin bakan ya fi haka, sai a ƙara ginshiƙai da gajerun bim a karkace su bi bakan daga ƙasa.

Ana rufe kawunan haƙarƙarin da abin da zai lanƙwasu. Wasu suna jera siraran faifan katako biyu ko uku, a manne su da gam da sukurori har su yi kauri. Wasu suna tsattsaga bayan katako mai kauri da zarto, tsaga kusa da tsaga, ba tare da sun ratsa shi ba, har ya yarda ya tanƙwaru. Wannan hanya ta biyu tana rage ƙarfin katakon ƙwarai, don haka ba a rataya masa nauyi, kuma kowace tsaga sai an shafa mata magani. Masu firam na ƙarfe kuwa suna kai shi wurin injin murɗa ƙarfe a fitar da bakan gaba ɗaya.

Tsakanin haƙarƙari, dab da gefen, ana cusa guntayen katako a ɗaure su sosai. Su ne za su tallafi falankin gefe da kawunan sauran falankai, a jikinsu kuma za a ɗaure ginshiƙan shinge.

Lanƙwasa falanki

Hanyoyi uku ne ake bi wajen gama gefen. Mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa falankai miƙaƙƙu su wuce firam, a zana bakan a kansu, a yanke, sannan a rufe kawunansu da siririn falankin ado mai kaurin kimanin milimita 12 zuwa 14, wanda ke bin baka mai faɗi ko ba a gasa shi ba. Ta biyu ita ce a yayyanka gajerun falankai a karkace, a jera su baki da baki su ba da siffar baka idan an hango daga nesa. Ta uku, wadda ta fi kyau ta kuma fi wuya, ita ce a gasa cikakken falanki a tanƙwara shi ya zagaye gefen.

Don wannan aiki ana amfani da doguwar tanda ta musamman, irin wadda aka sani da sunan Trex CustomCurve, ko kuma barguna masu ɗumi na lantarki da ake shimfiɗa falankin tsakaninsu. Ana huda gefen falankin a cusa ma'aunin zafi, domin zafin cikinsa ake nema, fatarsa kan yi zafi tun cikin bai yi laushi ba. Zafin da ake buƙata yana kusa da na tafasasshen ruwa ko sama da shi kaɗan, kuma kowane kamfani yana da nasa adadin a rubuce. Gaggawa a nan asara ce. Falankin da bai ji zafi sosai ba yakan yage ta bayan bakan ko ya tattare ta cikinsa, wanda kuma ya wuce ƙima fatarsa takan kumbura ta yi ƙuraje.

Tun kafin a kunna wuta ake shirya ma'ajin da za a tanƙwara shi a kai: a shimfiɗa faifan katako a wuri mai lebur, a zana bakan, a kafa guntayen katako a jere a bin layin. Akan ɗan matse bakan fiye da yadda ake so, saboda falankin yana ɗan komawa baya idan an sake shi. Da zarar ya yi laushi, mutum biyu ko uku sanye da safar hannu mai kauri za su ɗauko shi, su fara jingina shi daga tsakiya zuwa gefe biyu, suna matsewa, suna kuma danna samansa don kada ya murɗe. Lokacin da suke da shi ɗan kaɗan ne kafin ya fara tauri. Sai a bar shi a matse har ya huce sarai.

Kawunan falanki ba sa bin baka da kyau, don haka ana gasa wanda ya fi buƙata tsawo, a yanke rarar a kowane ɓangare. Cikakken falanki marar rami shi ya fi dacewa. Mai ramuka a ciki yakan lauye ya rufta. Falankin katakon roba mai cikakken faɗi yana son baka mai faɗi, na 'yan mitoci daga cibiya, na PVC kuma yana jure wanda ya fi haka matsewa. Magina masu gogewa kan sayi falanki ɗaya ko biyu na gwaji tun farko, su kuma duba ko gasa falankin yana soke garantin kamfanin.

Shimfiɗa da tazara

Katakon roba yana ƙara tsawo da zafi, yana raguwa da sanyi, fiye da yadda itace ke yi. Saboda haka ana barin tazarar milimita 5 zuwa 6 tsakanin falanki da falanki don ruwa ya zube, da milimita 3 zuwa 5 a inda kawuna suka haɗu, da wata tazarar tsakaninsa da bango. Falankan tsakiya galibi suna da tsaga a gefe, inda ake sa ƙananan maƙalai da ba a ganinsu daga sama. Falankin gefe da na matakala kuwa da sukurori ake ɗaure su ta sama, a toshe ramin da ɗan guntun falankin.

A dandamalin misalinmu, idan an jera falankan a bin bango, kowane layi yana cin santimita 14.6 har da tazara, wato kimanin layi 35 daga bango zuwa tsakiyar baka. Bakwai na ƙarshe suna ta raguwa, kuma guntayen da aka yanke daga cikinsu ba kasafai suke sake amfani ba. Shi ya sa ake ƙara rarar kaya a aikin baka fiye da na miƙaƙƙen dandamali.

Matakala

Ƙafar mutum tana sabawa da tsayin taki biyu na farko, ta ci gaba da tsammanin haka har ƙasa. Idan taki ɗaya ya bambanta, nan ake tuntuɓe. Don haka IRC ya ce tsayin taki kada ya wuce santimita 19.6, zurfin wurin taka ƙafa kada ya gaza santimita 25.4, bambancin da ke tsakanin mafi tsayi da mafi gajarta kuma kada ya wuce milimita 9.5. Faɗin matakalar aƙalla santimita 91 ne.

Tun a ƙarni na 17 wani masanin gine-gine na Faransa, François Blondel, ya fitar da ma'aunin da har yau ake bi: tsayin taki sau biyu, a haɗa da zurfinsa, ya kama kimanin santimita 63 zuwa 65, wato tsawon takun mutum. Idan dandamalin yana santimita 90 daga ƙasa, a raba shi gida biyar, kowane taki ya tashi santimita 18. Wurin taka ƙafa huɗu ne, domin na biyar shi ne dandamalin kansa. Idan kowanne yana da zurfin santimita 28, wato kimanin falanki biyu, lissafin Blondel ya ba da 64.

A matakala mai lanƙwasa duk takun suna da cibiya ɗaya da dandamalin, kowanne kuma yana ƙara nisa da ita da santimita 28. Bakin dandamali yana mita 5, na ƙasa da shi 5.28, sai 5.56, sai 5.84, na ƙarshe 6.12. Matakalar tana buɗewa yayin da take sauka: idan faɗinta a sama mita 2 ne, a ƙasa zai kai kusan mita 2.45. Tun da kowane taki falanki biyu ne, takwas za a gasa, kowanne da nasa bakan, kuma sai an sake jera ma'ajin tanƙwarawa sau takwas. Wannan ne ya sa matakala ta fi sauran aikin cin lokaci da kuɗi.

Katakan da ake yanka kamar haƙoran zarto don su ɗauki takun ana jera su suna fuskantar cibiya, kamar wayoyin ƙafar keke. Tazararsu ba ta wuce santimita 30, wasu kamfanonin ma suna neman ƙasa da haka, kuma a ƙasa ake aunawa inda suka fi buɗewa. Matakalar misalinmu tana buƙatar guda goma. Ƙafafunsu suna sauka a kan daɓen kankare, ba a kan ƙasa tsura ba. Idan takun biyu ne ko uku kacal, wasu kan yi akwatuna masu baka su ɗora wani kan wani.

Kuskuren da sababbin kafintoci suka fi yi shi ne mantawa da kaurin falanki. Idan ba a rage santimita biyu da rabi daga ƙasan kowane katakon haƙori ba, takin farko zai fi sauran tsayi da wannan adadi, na ƙarshe kuma ya gaza, duka biyun sun wuce iyakar milimita 9.5.

Shinge da abin dafawa

Dandamalin da ya ɗaga fiye da santimita 76 daga ƙasa dole a kewaye shi da shinge mai tsayin aƙalla santimita 91. Tazarar sandunansa ba za ta bar ƙwallo mai faɗin santimita 10 ya wuce ba, don kan yaro kada ya shiga. Samansa ya iya jure turin kimanin kilo 90. Ana ɗaure ginshiƙansa da noti a jikin firam da guntayen da aka cusa, ba a jikin falankin ado ba. Matakala mai taki huɗu ko fiye tana buƙatar abin dafawa a tsayin santimita 86 zuwa 97. A gefen baka, ko dai a gasa sandar saman a tanƙwara, ko a yi ta ƙarfe a murɗa, ko a matso da ginshiƙan kusa da juna a haɗa su da gajerun sanduna miƙaƙƙu.

A ƙasa mai zafi

An tsara yawancin waɗannan ƙa'idoji a ƙasashen da ƙanƙara ke daskarar da ƙasa, inda ake zurfafa tushe saboda haka. A Najeriya, inda ake shigo da katakon roba don otal-otal da wuraren shaƙatawa da gidajen masu hali, abokan gabar dandamali su ne rana da gara da ruwan damina.

A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma falanki mai duhun launi a irin wannan rana yana ƙona tafin ƙafa. Launi mai haske, da inuwar bishiya ko rumfa, suna rage matsalar. Lokacin kafawa ma yana da tasiri: falankin da aka ɗaure da sanyin safiyar hunturu a takure yake, zai miƙe da bazara, don haka yana buƙatar tazara mai ɗan yawa a kawunansa. Ana ajiye kayan a kwance a inuwa, a kuma yanka su a yanayi ɗaya.

Gara ba ta cika damuwa da falankin ba, amma firam na katako abincinta ne, shi ya sa bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka tsoma a zinki ko aka yi wa fentin hana tsatsa ya fi dacewa. Ƙasan dandamali yana buƙatar gangara da mashigar iska, don ruwa kada ya kwanta ya jawo tsatsa da sauro. Garwashi yana narkar da falankin, saboda haka ba a ɗora kurfoti ko abin gashi a kansa sai da faranti mai kauri a ƙasa.

Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, kuma ƙari a jikin gida yana iya buƙatar amincewar hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko sashen kula da gine-gine na Abuja. Dandamalin da zai ɗaga sama sosai, ko zai ɗauki taron jama'a, injiniya mai rajista da COREN ne ya kamata ya fitar da lissafinsa.

Kuɗi da kulawa

Katakon roba ya fi katakon itace tsada a ranar saye, aikin baka kuma yana ƙara kuɗin ƙwadago da asarar guntaye. Abin da mai gida ke ragewa shi ne kuɗin goga da fenti da sauya ruɓaɓɓun falankai a shekarun da ke biye. Wanka da ruwa da sabulu da burushi mai laushi sau biyu a shekara ya ishe shi, tare da share ƙura da ganyen da ke toshe tazarar falankai. Maiƙo idan ya zuba a goge shi da wuri.

Firam ɗin da ke ƙasa shi ne ke tsufa kafin falankin. Sau ɗaya a shekara, bayan damina, ya kamata a leƙa ƙarƙashi da fitila, a duba notin jikin bango da ƙarfen rataya ko sun yi tsatsa, a caka ƙarfe mai tsini a jikin katakon. Idan ya nutse da sauƙi, katakon ya ruɓe, kuma sai an sauya shi kafin a sake barin jama'a su hau.